Tambaya da Amsa: Libarbar Dana-Ka-Harba

Assalamu alaikum jama'a. A fitowar da ta wuce na dan ambata a takaice cewa cikin duk bindigogin da na taba rikewa a filin harbi babu wadda ta kwanta min a rai kamar tsohuwar libarba irin ta kaboyi, wadda masu ita ke ce wa singil akshin, ni kuma nake ce mata dana-ka-harba. Ban yi zaton maganar za ta tada kura haka ba, sai ga sakonni suna ta shigowa, wasu tambaya wasu korafi. Na tsinci wadanda zan iya, sauran ku yi hakuri sai wani jikon.

Tambaya: Malam dan Allah wai mene ne ma singil akshin din nan? Kuma ana zamanin fistol mai cin harsashi 15 ko 17 me mutum zai tsinta a tsohuwar aba mai cin shida wadda sai ka tsaya kana danawa? Daga wani dalibi.

Amsa: To kanina, abin ba wuya. A bayan libarba akwai 'yar gudumar nan da ake kira hama, ita ke saran gindin harsashi ya tashi. A dana-ka-harba kunama aiki daya tal take yi, sakin hama. Kai ne zaka sa babban yatsa ka ja hamar baya har ta tsaya, jan nan shi zai juya silinda, wato 'yar gangar nan mai ramukan harsashi, ya kawo sabon harsashi saitin bututu, sannan ka taba kunama. Kana son na biyu sai ka sake danawa. A dabul akshin kuwa kunamar ce ke yin aikin biyu, ta daga hama ta sake ta, shi yasa take da tauri, sai ka ja nauyin kusan kilo 5, alhali ta dana-ka-harba kilo 2 ma da yawa ba ta kaiwa.

Tarihinta kuwa dogo ne. Samuel Colt ya karbi takardar mallakar fasahar libarbarsa a Amurka a 1836, aka kera na farko a garin Paterson na jihar New Jersey, kamfanin ma ya karye, sai a 1847 ya farfado da ya hada kai da Kyaftin Samuel Walker na dakarun Texas suka fitar da Colt Walker, wata shirgegiya mai nauyin kilo 2 wadda a jikin sirdi ake rataye ta saboda kugu ba zai dauka ba. Duk wadannan ta gaban silinda ake dura musu albarushi da dalma. Wadda kake gani a finafinan kaboyi ita ce ta 1873, Colt Single Action Army, wadda William Mason da Charles Richards suka tsara wa kamfanin a Hartford, sojan Amurka suka karbe ta da bututu inci 7 da rabi da harsashi .45 Colt (lambar tana nuna fadin harsashin ne), ta zauna a kugunsu har 1892. Ita ce aka yi wa lakabi da Peacemaker. Janar George Patton ma ya sayi tasa mai mariki na hauren giwa a 1916, kuma da ita ya shiga yakin duniya na biyu duk da akwai sababbi birjik a lokacin.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Gaskiya in sauri kake nema ko yawan harsashi to ba nan za ka zo ba, kuma ba zan yaudare ka ba, ba dan sanda ko soja da zai dauke ta zuwa aiki yau. Amma bari na fada maka abin da na ji ranar farko da malamin da ya koya min harbi ya mika min ita. Yace kar ka yi komai, ka sa kunne kawai, ja hamar a hankali. Na ja, sai naji kas, kas, kas, kas, sau hudu. Na farko dan tsagin tsaro ne, na biyu rabin dani wanda ke sakin silinda, na uku dan karfen da ke kulle silinda ne ya fado, na hudu ta danu sarai. Masoyan Colt suna cewa sunan take karantawa, harafi hudu kara hudu. Wallahi tun daga ranar na gane wannan abar ba za ta bar ka ka yi garaje ba. Kowane harbi sai ka yi niyyarsa da yatsanka, ka dana, ka daidaita numfashi, ka saita, ka taba. Kuma hamar doguwar tafiya take yi kafin ta sari harsashi, in ka motsa hannu ko ka runtse ido a wannan dan tsakanin sai ka ga rami ya fito can gefen takarda, babu mai gaya maka kayi kuskure, takardar ce za ta gaya maka. Da fistol na zamani na sha ganin mutum ya zazzage 15 cikin 'yan dakikoki ya juyo yana murmushi bai ma san wanne ya samu wanne ya bata ba. Da wannan kuwa biyar din da ka harba kana tuna kowanne.

Ga kuma marikin, wanda ya yi kama da kotar garma, lankwasasshe, santsi gare shi. In ta tashi ba ta dukan tafin hannunka kai tsaye, mirginawa take yi sama a cikin hannun, sai ka tarar hama ta zo daidai karkashin babban yatsanka tana jiran dani na gaba. Wanda ya tsara wannan ya san hannun mutum. Ni dai wannan ne ya kama ni, kuma har gobe.

Tambaya: Ranka ya dade naji kace biyar. Ba rami shida ne a silindar ba? Ko rowar harsashi ce? Daga wani mai bibiyar filin nan.

Amsa: Dan uwa ba rowa bace, kuma cikin duk tambayoyin yau wannan nafi so kowa ya karanta sau biyu. A Colt na 1873 da duk wadda aka kwaikwaya daga gare ta ba tare da gyara ba, dan tsinken da ke saran harsashi a jikin hama yake. In ka cika shida ka kwantar da hama, tsinken nan yana zaune ne a kan gindin harsashi mai rai. Bindigar ta subuce ta fadi a kan hama, ko wani abu mai nauyi ya buge ta, shikenan ta tashi ba wanda ya taba kunama. Zaka ce ai akwai tsagin tsaro na farko, eh akwai, amma dan siririn karfe ne, bugu mai karfi yana karya shi. Ba sabon abu bane, a watan Janairun 1876 a garin Wichita libarbar Wyatt Earp, shahararren dan sandan nan, ta zame daga kube yana zaune a kujera ta fadi ta tashi, harsashin ya huda rigarsa ya wuce, jaridar garin ma ta buga labarin. Mutumin da kullum yana tare da bindiga kenan.

Shi yasa mutanen da suka san ta suke da ka'ida, sa daya, tsallake daya, sa hudu. Ka ja hama rabin dani, ka bude 'yar kofar da ke gefen dama, ka sa harsashi daya, ka juya ka bar rami daya wayam, ka sa hudu a jere, ka rufe kofa, ka ja hama har karshe, sannan ka rike ta da yatsa ka sauke a hankali bakin bindiga yana kallon inda ba kowa. In ka yi daidai za ta kwanta a kan ramin da ba komai. Malamina sai da ya sa na yi ta da harsasan roba marasa albarushi har na gaji kafin ya bari na taba na gaske, kuma duk sanda na gama sai yace leka ta gefe ka gani da idonka, kar ka yarda da lissafinka.

Kamfanin Ruger ne ya kawo gyara a 1973 da abin da suka kira New Model. Sun sa wani dan falle na karfe tsakanin hama da tsinke, wanda ba ya tasowa sai an ja kunama har karshe, in ba haka ba ko guduma ka sa ka doki hamar ba za ta kai ga harsashi ba. Dabarar ba su suka fara ta ba, Iver Johnson suna amfani da irinta tun shekarun 1890, amma su suka shigo da ita cikin libarbar kaboyi, kuma har suka ce duk mai tsohon samfurinsu ya aiko su sa masa kyauta. Irin wadannan ana iya cika su shida. Sai dai matsalar ita ce da ido daga nesa ba za ka bambance ba, akwai kwafi masu fallen akwai marasa shi, don haka in ba ka karanta littafin bindigar ka tabbatar ba, biyar. Ni ko mai fallen ce biyar nake sawa, don kar hannuna ya saba da abu biyu.

Tambaya: Malam a fim muna ganin jarumi ya danne kunama yana ta shafar hama da tafin daya hannun, harsashi na fita kamar ruwa. Da gaske ana yi? Daga wani matashi.

Amsa: Ana iya yi, amma kar ka yi. Ba ka samun abin da ka auna, kana iya yanke hannu a bakin hama, kuma kana kashe bindigar, domin silinda na juyawa da karfin da ba a yi ta dominsa ba sai dan karfen kulle ya rika cin tsagoginta har ta daina tsayawa saiti da bututu. Masu yin wasan nan a gasa bindigoginsu na musamman ne da makera suka sake wa ciki, yawanci kuma ba harsashi mai dalma suke sawa ba. Filayen harbi da yawa ma korar ka za su yi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, muna zaune a Amurka. Maigidana ya kamu da son bindigogin nan, yanzu yana da uku, duk karshen mako yana filin harbi, in ya dawo sai goge-goge da mai. Yana da takardunsa komai bisa doka, mutum ne mai hankali ban taba ganin ya yi wasa da su ba, amma muna da yara kanana kuma hankalina ba ya kwanciya. In na yi magana sai yace ai tsofaffin yayi ne sai an dana suke tashi. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tsoronki yana kan hanya, kuma ni da nake son abin nan kamar yadda maigidanki yake so nake gaya miki haka. Maganar da ya yi cewa sai an dana take tashi ba hujja bace ko kadan, yaro dan shekara biyar zai iya sa yatsu biyu ya ja hama, kuma da zarar ta danu kunamarta laushi gare ta sosai, abin da muke yabonta da shi a fili shi ne hadarinta a gida. Ki karanta masa wannan in ya so ya ji haushina.

Abin da za ki nema a wurinsa ba ya bar sha'awarsa bane, wannan zai zama rigima ce kawai. Ki nemi abu uku kuma hakkinki ne. Bindigogin su zauna a akwatin karfe mai makulli ba komai a cikinsu, harsasai a wani wurin daban shi ma a kulle, mukulli ko lambar kuma ba inda yaro zai gani. Saman kwaba ko karkashin kaya ba boyo bane, yara sun fi mu sanin lungunan gida. Sannan goge-gogen nan ya rika yinsa ba harsashi ko daya a dakin, kuma ya wanke hannu da sabulu ya canza kaya kafin ya dauki yaro, saboda dalma, kurarta tana makalewa a hannu da tufafi kuma tana taba kwakwalwar kananan yara sosai, mutane da yawa ba sa kawo wannan a ransu. Akwai kuma wanda ba a son fada amma dole na fada, in Allah ya kawo wani lokaci da wani a gidan ya shiga matsananciyar damuwa, ko fushi ya yi yawa tsakaninku, to bindiga ta bar gidan gaba daya har sai an wuce wurin, a kai ajiya inda doka ta yarda.

In ya yi wadannan, ina ba ki shawara wata rana ki bi shi filin ko da ba za ki harba ba, ki sa abin toshe kunne da gilashi ki zauna ki kalla. Ki koyi yadda ake bude kofar gefe a juya silinda a duba ramukan shida daya bayan daya. Abu yana gidanki, gara ki san yadda ake tabbatar da ba komai a cikinsa da ki rika tsoronsa daga nesa. Kuma kar ki yarda da "ai ba komai a ciki" daga bakin kowa har shi. A 2021 a jihar New Mexico an rasa ran wata mai daukar hoto a wurin shirya fim da irin wannan libarbar, kwafin ta 1873, saboda kowa ya dauka wani ya riga ya duba.

Tambaya: Yallabai na samu lasisi a kasar da nake, na shiga kulob din harbi. Da wacce zan fara, Colt ko Ruger ko 'yan Italiya? Kuma .45 nake so gaskiya. Daga wani dan uwa.

Amsa: Madalla da ka fara da lasisi da kulob, domin ni duk maganar da nake yi a filin nan da wanda dokar kasarsa ta ba shi dama nake, wanda ba ta ba shi ba ya tsaya a karatu da kallo, akwai dadi a nan ma.

Ka ajiye .45 tukuna. Na san ba abin da kake son ji bane. Fara da .22, karar kadan ce, ba ta tura hannu, harsashinta ya fi kowanne araha don haka za ka harba da yawa, kuma yawan harbi da natsuwa shi ke koya wa hannu. Wanda ya fara da babba yawanci yana koyon zabura ne, kafin ta tashi ya riga ya dankwafar da bakin kasa, kuma cire wannan dabi'a ya fi koyon harbin wuya. Ruger Single-Six tun 1953 ake yinta don wannan, akwai mai zuwa da silinda biyu, ta .22 ta kullum da ta .22 Magnum, ga kuma Wrangler da suka fitar a 2019 mai saukin kudi. In ka kware sai ka hau .357 Magnum, wadda za ka iya sa mata .38 Special mai laushi, amma ban da akasin haka.

Labarin yadda Ruger suka shigo yana da dadi. Colt sun daina kera tasu a wajen 1941 bayan sun yi sama da 350,000, suna ganin zamaninta ya wuce. Sai talabijin ta zo da wasannin kaboyi kowa yana nema babu a kasuwa, William Ruger wanda ya kafa kamfaninsa da Alexander Sturm a 1949 ya hango gibin, ya fito da Single-Six, ya biyo da Blackhawk a 1955, dole Colt suka dawo da tasu a 1956. Ruger ya canza sifirin din ciki daga falle mai karyewa zuwa nadadde, ya sa wa Blackhawk abin saiti da ake iya murdawa, ita ce jakin aiki, ba ta gajiya. Wanda yake son kamannin da sai ya dubi Vaquero ta 1993 ko New Vaquero ta 2005. 'Yan Italiya kuwa, Uberti da Pietta, duk a yankin Brescia suke, Aldo Uberti ya fara tun 1959, su ne suke ba ka kamanni da jin ta 1873 ba tare da ka sayar da gona ba, har da launin nan mai kama da bakan gizo a jikin karfe. Colt ta asali ita ce uwa, amma tsada gare ta kuma samunta sai da jira, ba da ita ake koyo ba.

Abu daya da zai ba ka mamaki a masu kamannin da, abin saitinsu dan kwari ne a sama da dan tsini a gaba, ba a murda su. Sai ka ga tana bugawa kasa ko hagu kadan. Kar ka yi saurin kai wa tsinin zarto. Canza nauyin harsashi tukuna, mai nauyi ya fi bugawa sama domin ya fi dadewa a cikin bututu lokacin da bakin ke dagawa. Sai ka tsaya a kan harsashi daya ka harba daruruwa sannan ka yi maganar gyara, karfen da ka goge ba ya dawowa. Kuma yatsunka su yi nesa da dan tsakanin silinda da bututu, wuta da iska mai yanka suna fita ta nan, a manya irin su .44 Magnum ko .454 Casull ta Freedom Arms tana iya yi wa yatsa mummunan rauni.

Tambaya: Malam wani dattijo makwabcina a nan Amurka ya bar min tsohuwar Colt kafin ya rasu, an yi komai ta hannun dila bisa doka. Duk ta yi ruwan toka, ina so na kai a goge ta a sake mata baki na gwada ta da harsashin kanti. Daga wani Alhaji.

Amsa: Alhaji Allah ya sa ka ga wannan kafin ka kai ta. Kar a goge, kar a sake mata launi. Wannan ruwan tokar da kake gani tsufa ne na gaskiya kuma shi masu tara kayan tarihi suke biya, ranar da injin gogewa ya taba ta darajarta ta fadi warwas. Dan mai kadan da kyalle mai laushi ya isa.

Harbi kuma dakata. Duba lambarta. Harsashin .45 Colt na asali dalma ce mai nauyin giram 16 da rabi a kan bakin albarushi, kuma karfen wancan zamani don shi aka yi. Kamfanin bai lamunce wa albarushin zamani mara hayaki ba sai a 1900, wajen lamba 192,000. Wasu suna cewa in ka ga madannin gefe mai rike sandar silinda maimakon dan kusa a gaba to ta zamani ce, wannan kuskure ne, an canza wannan tun wajen 1896, shekara hudu kafin lamunin. Kuma ko ta bayan 1900 ce, akwai harsasan .45 masu zafi da aka yi don manyan Ruger kawai, in suka shiga tsohuwar Colt suna iya fasa silinda, bangon ramukanta siriri ne. Ka kai wa makerin bindiga wanda ya san tsofaffi ya duba. Sannan ka rubuta wa sashen adana tarihi na Colt da lambar, suna bayar da takarda mai nuna ranar da ta bar masana'anta da inda aka aika ta da tsawon bututunta na asali. Ni da nine kai da wannan takardar zan fara nema, in ga inda abar nan ta faro kafin ta iso hannun makwabcinka.

Tambaya: Muna Birtaniya, ance an hana kananan bindigogi, amma na ga wasu a kulob suna harba libarba mai hayaki. Kuma mene ne gasar kaboyi da nake ji? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Haka ne Malam, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996 aka yi dokokin 1997 da suka hana, amma an bar wadanda ake durawa ta gaba, irin Colt Navy ta 1851 da Army ta 1860 da Remington, da sharadin takardar izini daga 'yan sanda, bakin albarushin ma da tasa takardar daban. Wadannan su ne suka fi kowacce koyar da hakuri. Ka auna albarushi ka zuba a rami, ka dora kwallon dalma ka danna da sandar da ke karkashin bututu har ka ga ta aske dan zobe siriri, wannan zoben shi ke nuna ta toshe ramin da kyau, ka shafa maiko a baki, sannan ka sa 'yan hulunan tagulla masu tada wutar a baya daya bayan daya. Minti biyar kana shiri don harbin da ba zai wuce minti daya ba. In ka yi sakaci wuta ta tsallaka rami biyu ko uku su tashi tare. In ta tashi kuwa ba tas take yi ba, wani gum ne mai zurfi da farin hayaki da warin kibiritu ya rufe ka sai ka jira iska ta dauke kafin ka ga takarda. Kuma ranar da ka harba ranar zaka wanke da ruwan zafi da sabulu ka busar ka shafa mai, dattin bakin albarushi yana jan danshi, ka bar ta kwana biyu sai tsatsa.

Gasar kaboyi kuma a kudancin Kalifoniya ta faro a farkon shekarun 1980, babban taronsu End of Trail an fara shi a 1982, kungiyar masu gasar, SASS, ta kafu a 1987, yanzu har Turai da Ostireliya ana yi. Kowa da sunan wasa da kayan mutanen karni na 19, libarba biyu, doguwar bindiga mai hannun ja, da ta farauta mai watsi, ana harbin faifan karfe da harsashin dalma zalla ana kirga lokaci, kuskure daya a kara maka dakika 5. Akwai tebur na durawa da tebur na saukewa, kowanne da mai sa ido, kuma ko Ruger mai falle ce a hannunka biyar zaka sa, hama a kan rami wayam. Zaka ga tsoho da jikarsa a layi daya suna jiran a kira su. In akwai kulob kusa da kai je ka ranar da suke yi ka gabatar da kanka ga jami'in fili, ka tafi da abin toshe kunne da gilashi, yawancinsu za su ba ka aron tasu ka gwada a gabansu kafin ka kashe ko sisi.